Kafaɗar da ba ta taɓa ƙasa ba

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu sun fara cewa na tafi Libiya ban yi sallama ba. Ban je ko'ina ba. Ina kwance ne, da ɗinki tun daga ƙirji har cibiya.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran keke nake yi a bayan Kasuwar Malam Atta. Ranar Lahadi nakan bi masu keken dutse zuwa tsaunukan Aburi. Abokina Yaw ne ya jawo ni ciki, shi ke ara mini kekensa na biyu.

Akwai wata gangara a can da sai gwanaye ke sauka. Dutse ne kan dutse, ga saiwoyi, ga tsakuwa mai santsi. Ba a zama kan sirdi. Tsaye ake yi, a ja jiki baya, a bar keke ya yi ta rawa a ƙarƙashinka. Na yi watanni ina saukowa a ƙafa, ina kallon inda kowa ke aza tayarsa, kafin na yarda na hau.

Ran da abin ya faru, tayar gaba ta faɗa tsakanin duwatsu ta tsaya cak. Ni ban tsaya ba. Ƙarshen hannun keken ya soke ni ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, na faɗi ta gefen dama.

Ba jini, ba karaya. Da ƙafata na hau trotro, motar haya, zuwa gida Maamobi.

Washegari kafaɗar hagu ta kama ciwo.

Mma, mahaifiyata, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya ba ni keken. Na ce Yaw.

Ta ce, "Shi ya hau mai lafiya, ya miƙa maka na mutuwa. Tun da na ji ka fara wuce shi na san ba zai ƙyale ka ba."

Kawu Sule ya kawo mai ɗori. Mai ɗorin ya ja hannun, ya shafa magani, ya ce jini ne ya kwanta, sai an gasa ya narke. Kun san mu, duk wanda ya faɗi, tawul da ruwan zafi ne. Safe da yamma Mma na gasa mini kafaɗa, ta sauko har gefen ciki tana dannawa.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na ɗauko rigar da na faɗi da ita, ba a wanke ba tukuna. Gefen dama ya yage, duk jar ƙasa. Gefen hagu tsaf. Hannun kuma ina ɗaga shi har sama lafiya lau. Sai in na kwanta rigingine ko na ja dogon numfashi ciwon ke tashi. Wace irin kafaɗa ce ke ciwo da numfashi?

Na gaya wa Kawu. Ya yi dariya. "Kai da ka gudu daga aji shida, yau kai ne dokta?"

Na ci gaba da lura. Tafin hannuna na ta yin fari. Ƙishirwa ba ta ƙarewa. Yaw ya yi ta kira ina ƙin ɗauka, don maganar Mma ta shige ni.

Ina alwalar azahar jiri ya kayar da ni kan buta. A nan na kira Yaw.

Ya zo da tasi. Mma ta tare ƙofa. "Ka zo ka ƙarasa shi ne?"

Yaw ya ce, "Mma, ki zage ni a cikin mota, kin ji? Dubi leɓensa, ya yi fari paa!"

A asibiti nas ta auna jinina, ta sake aunawa a ɗaya hannun, ta fita da sauri. Likitar da ta zo ta saurari labarin kafaɗa, amma cikina ta taɓa. Na yi ihu. Bayan an yi mini sikanin ta ce, "Saifarka ta fashe, jini na zuba a ciki. Shi ne kake ji a kafaɗa. Duk dannawar da aka yi, ƙara buɗe ciwon aka yi."

Mma ta zauna a ƙasa.

Kawu ya raɗa mini, "Mun kawo kafaɗa su ce ciki za su yanka? Haka suke kwashe kayan mutum. Kar ka sa hannu."

Wallahi ni ma na ji tsoro. Sai na tsura wa likitar ido. Ba ta kalli aljihun kowa ba, na'urar da ke bisa kaina take ta kallo, ƙafarta na bugun ƙasa. Na sa hannu.

An cire saifar. Katin inshorata ya mutu ban sabunta ba, sai da Kawu ya sayar da ragon da yake kiwo don Sallah. Jinin da aka ƙara mini, aka ce mu kawo masu mayarwa. 'Yan keke suka zo suka yi layi, Yaw a gaba.

Na koyi tafiya riƙe da gado, da robar fitar da ruwa a cikina. Tari sai na rungume filo. Yanzu ina allurar rigakafi, ina kwana cikin gidan sauro, kuma an ce ko ɗan zazzaɓi na ji kar in tsaya wajen mai kemis.

Alhamdulillah. Na gode wa likitar nan da nas-nas ɗinta, da Kawu, da 'yan keke. Mma kuma, kar kowa ya ga laifinta. Abin da uwarta ta yi mata ta yi mini.

'Yan'uwa masu keke da masu okada, in ƙarfe ya bugi cikinku, ku je a duba ko ba ku ga jini ba. Ku sabunta katinku tun kuna tsaye.

Kuma in kuka ji ciwo inda ba ku bugu ba, ku ce a sauke ruwan zafin nan, a nemo mota.