Azumin da na karya a hanyar Bakura

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, ina aikin buɗe ƙofofin ruwa a kanal ɗin Bakolori, kuma ni kaɗai ne mai babur a gidanmu na Maradun. Wata rana da hantsi aka aiko daga Bakura cewa jikin gwaggona, yayar mahaifina, ya yi tsanani, tana ta kiran sunansa. Tun da ruwan dam ya ci fadamarmu ta bi 'ya'yanta can. Ranar ba Talata ba ce, ranar kasuwa, saboda haka babu zancen mota.

Mahaifina malami ne, ya haura saba'in a lokacin, kuma Malam muke ce masa har mu 'ya'yansa. Na ce mu bari rana ta yi sanyi, mu tashi bayan la'asar.

Ya ce, "In ta cika kahin la'asar hwa? Tada abin ga mu tahi."

Na san zafin hanyar, kullum a kanta nake. Na jiƙa buhu na shimfiɗa inda za mu zauna, na sa riga mai kauri mai dogon hannu na jiƙe ta sharkaf, don iskar bazara ƙona fata take yi in ta same ta a waje. Na ɗaura jarkar ruwa a baya. Malam ya yarda na jiƙa masa rawani, amma ya hana ni taɓa amawalin da ke rufe bakinsa, wai kada ɗigo ya wuce maƙogwaro. Na tuna masa matafiyi yana da sauƙi. Ya ce Maradun zuwa Bakura ba ta kai tafiyar kasaru ba, da ƙafa ya auna ta tun ban zo duniya ba. Gardama da Malam ɓata yawu ne, ni kuwa ranar ba ni da yawun ɓatawa.

Ba mu yi nisa ba rigata ta bushe ƙayau. Masu aikin dam sun tumɓuke itatuwa lokacin da suka baje ƙasa, sai ka yi ta tafiya ba ka ga inuwar da akuya za ta fake ba. Duk inda hanya ta raɓi kanal sai in tsaya in sake jiƙa mu. A Talata Mafara muka yi azahar, wani mahauci abokin Malam ya roƙe shi ya ɗan kishingiɗa a rumfa. Ko zama bai yi ba.

Tun daga gida yana tilawa a bayana, da ita nake auna lafiyarsa. Bayan mun fita Mafara sai na ji ya maimaita aya ɗaya sau uku, daga nan ya tsallaka wata sura daban. Mutumin da ko yana gyangyaɗi yake gyara wa ɗalibi karatu. Can sai hannunsa ya saki rigata, goshinsa ya bugi bayana.

Na tsaya a wata ƙaramar gada, na tallabe shi zuwa 'yar inuwar da ke ƙarƙashinta. Jikinsa zafi rau, kuma babu ɗigon gumi ko ɗaya. Wannan bushewar na taɓa ganinta a jikin wani lebura a wurin aiki, kuma bai tashi ba. Tsoro ya kama ni sosai. Na kwarara masa ruwa a ka da ƙirji, na yi ta fifita da buhun, har ya buɗe ido. Na miƙa masa jarkar.

"Malam, ka sha."

Ya kau da kai. "Na san jikina. Saura kaɗan."

Ko la'asar ba ta yi ba. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Haushi ya cika ni, don sau nawa na ji shi yana ce wa masu ciki da marasa lafiya su sha su rama. Kowa yana da sauƙi a wurin Malam ban da Malam.

Sai na zauna a ƙasa na dafe kai. Na ce masa idona na yin duhu, hanya biyu nake gani. Ƙarya nake yi. Ƙishi kam akwai, amma da ƙarfina, ko Sakkwato aka ce in kai shi zan kai shi.

Ya ɗago da ƙyar. "Kana iya tuƙi?"

"Ban iyawa, Malam."

"To sha. Wanda yaj ji tsoron halaka, wajibi na shi sha."

Na ɗaga jarkar. A gabansa na yi karatu, na san hukuncin wanda ya sha da gangan ba uzuri: kaffara, azumi sittin a jere, in ka tsinke ɗaya ka koma farko. Na dubi leɓɓansa da suka tsage, na kafa kai na sha. Ruwan ɗumi ne mai warin roba.

Na goge baki na ce, "Malam, hukuncin ga nawa na ni ɗai, ko har da wanda yaf fi ni jin jiki?"

Ya dube ni. Na tabbata in ya sake cewa a'a ba ni da sauran dabara, kuma babu gida kusa balle asibiti. Can ya janye amawali ya miƙo hannu. Kurɓi uku ya yi ya huta, sannan ya ƙara. Muka zauna nan har na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na sake jiƙa rawanin na ɗaure mu tare a ƙugu, muka ci gaba a hankali.

Mun tarar da gwaggo da ranta, ta gane shi, sun yi magana. Kwana biyu bayan haka ta rasu.

Kashegarin salla Malam ya kira ni zaure, ya sallami ɗalibansa.

Ya ce, "Ni kwana guda zan rama. Kai kau sittin, kuma a jere."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni.

"Na ga idonka sa'ad da kaka sha. Ba idon mai jiri na ba."

Da ƙyar na iya tambayarsa, to me ya sa ya karɓi jarkar.

Ya ce, "Ka riga ka ɗauki sittin sabili da ni. In bar su su tahi a banza?"