Shekarar da Shanu Suka Ci Waken Baba

Gonarmu tana bayan Gummi, kuma tun ina ƙarama shanun mutum ɗaya ne ke kwana cikinta bayan girbi. Bafulatani ne, abokin Baba, muna ce masa Baffa. Shanunsa su ci karan gero, su bar mana taki. Haka ƙasar ke samun ƙarfi.

Shekarar da na gama sakandare, shanun suka shigo kafin a yi roron wake. Suka cinye. Baba ya rantse ba za su sake taka gonar ba. Dattawa suka sa su musafaha a ƙofar masallaci, kowa na kallon wani gefe. Baffa ya kai garkensa can bakin gulbi.

Lokacin rediyo ba ta da magana sai ta sulhun Isra'ila da Falasɗinawa. Wannan shugaba ya ce an buɗe sabon babi, wancan ya ce dama ce ta tarihi. Baba na zaune kan buzu bayan la'asar, yana gyara musu.

“Maganar banza! In da gaske su kai, maƙwabci ai ba ya buƙatar baƙo shi raka shi gidan maƙwabci.”

Ina tankaɗe, na ce, “Baba, su ko don hoto suna zama. Kai fa?”

“Ke! Mi kic ce?”

Inna ta make ni da mafici, amma na ga tana danne dariya. Ni gonar nake ji. Wasu garkunan duk sun sami masauki, tamu na nan fayau, kuma Baba ba mai sayen takin zamani ba ne.

Washegari Inna ta yi tuwon gero da miyar kuka, ta aika a gaya wa Baffa wai maigida na kira. Shi kuma Baba ta ce masa Baffa ne ya zo da kansa. A zaure na ajiye musu akushi ɗaya, na tsaya bayan asabari.

Can Baffa ya ce, “Kaɗo, wakenka ma ba daɗi. Zawo ya sa min shanu.”

“Ɓarawo da tsegumi! Wanke hannu.”

Kafin magariba muka ji kukan maruƙa daga wajen gona. Inna ta ce in fito da ƙwaryar nono, in wanke.