Rigar Ƙarfen da Yaya Ya Yi wa Maɗaci

Yayana mai walda ne. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, duk abin da ake haɗawa da wuta ya iya shi. Amma in ka tambayi mutanen layinsu, ba za su ce maka mai walda ba. Baban Kurmi za su ce, su haɗa da 'yar dariyar nan ta wanda bai taɓa dasa ko tsinke ba a rayuwarsa. Don ba'a suka raɗa masa sunan. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har amsawa yake.

Da muna yara, bayan gidanmu kurmi ne. Ba wani ƙungurmin daji ba, amma in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi ya ratsa ka har ƙashi. Ga tsamiya, ga ƙirya, ga kanya, ga maɗaci. Mu 'ya'yan itace ke kai mu, da mun cika zani mu fito. Yaya shi zama yake zuwa yi. A aike shi sayen sabulu, a same shi a gindin wata bishiya ya ɗaga kai sama, baki buɗe. Mahaifiyarmu ta yi faɗan, ta yi dukan, ta gaji ta zuba masa ido. Ya san wadda ke fara toho, ya san wadda zuma ta sauka a kanta, in iska ta karya wa wata reshe kuwa ranar ko abinci ba ya ci sosai. Da ya gama koyon sana'a aka nuna masa shago a bakin titi, inda ciniki yake, ya ce a'a. A bakin kurmin ya kafa rumfarsa.

Kurmin nan ba rana ɗaya ya tafi ba, tsakurarsa aka yi ta yi. Wannan ya ce reshe ɗaya ne kawai, na girki. Wancan ya ce ɗan ɓawo zai ɓara, yaro ba lafiya, ya bar bishiya tsirara har gindi. Dillalan filaye suka zo da igiyar awo. Sai kuma mai gidan burodi ya gina tanderunsa a ƙarshen layi, tanderun da bai san ƙoshi ba. Kowa ya sara sai ya ce ai suna da yawa. Yau su ne zaune a ƙofar gida da mafici suna cewa, "Kai, zafin bana ya yi yawa, ko me muka yi?" Ku tambayi gatarinku mana.

Yaya ya bi su gida-gida yana roƙo. Ya yi da lalama, ya yi da faɗa, har wasu suka ɗauke aikinsu suka kai wa wani mai waldar. Ya dasa ƙanana a gurbin waɗanda aka sare, yana ɗauko musu ruwa a jarka, masu awaki suka saki awakinsu a kai. In ya yi magana a ce, "Baban Kurmi, haƙuri, dabba ce ba ta da hankali." Ni dai har yau ban gane wace dabbar suke nufi ba.

A ƙarshe bishiya ɗaya ta rage, maɗaci, daidai ƙofar shagonsa. Ba tsohuwa ba ce. Lokacin mutum ɗaya zai iya rungume ta hannunsa ya haɗu. Wata safiya ya zo ya tarar an kai mata sara a gindi, ruwan jikinta na tsatstsafowa. Ya ajiye aikin mutane, ya jawo fallayen ƙarfe masu kauri ya lanƙwasa su gida biyu, ya yi musu ɗamara ta rodi sama da ƙasa. Ya rufe jikin bishiyar tun daga ƙasa har inda hannun mai gatari ba zai kai ba, ya ɗaure da noti, ya bi notin ya liƙe da walda don kada wani ɗan iska ya zo da sifana.

Ranar ina wurin. Ni tela ce, don haka da idon tela na duba aikin. Na zura hannu tsakanin ƙarfen da jikin bishiyar, da ƙyar tafina ya shiga.

Na ce, "Yaya, wannan riga ta yi mata ɗamas. Mu in za mu ɗinka wa yaro, mukan bar masa wurin girma."

Ya ce, "Na bar mata rata. Ko ƙofa da firam ɗinta ba na bar musu haka."

"Ƙofa tana ƙiba ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Je ki ji da zarenki da allurarki. Ƙarfe ba atamfa ba ne."

Haka Yaya yake. Duk rayuwarsa abin da ya auna yau, in ya dawo bayan shekaru haka zai same shi, ko ƙwayar gero bai ƙaru ba. Kuma taurin kansa ya fi ƙarfen da yake lanƙwasawa. Na ƙyale shi na koma bakin ɗinkina.

Rigar kuwa ta yi aikinta. Wani daga cikin masu yi wa mai burodi faskare ya gwada sa'arsa, bakin gatarinsa ne ya tashi. Maɗaci ta samu lafiya, ta yi sama, ta baza rassa har inuwarta ta rufe rabin layin. To, wa ka gani a ƙarƙashinta? Su ɗin dai. Waɗanda suka cinye kurmi guda ba su yi gyatsa ba, su ne suka jawo bencina suka baje, ana hira ana miƙe ƙafa. Mai burodi har kujerarsa ta musamman gare shi. Sai ya kishingiɗa ya ce, "Baban Kurmi, ka yi mana gata." Kunya dai ba a sayar da ita a kasuwa, da na saya musu ko ta wanke fuska ce.

Ana haka idon Yaya ya fara tafiya. Da ma ba ya son sa gilashin walda, wai nauyi yake masa, sai dai ya kare da tafin hannu ya kau da kai. Tartsatsin shekara da shekaru ya taru ya biya kansa. Tun yana ganin mutum dishi-dishi har ya koma sai dai ya gane ka da murya. Matarsa ta rasu, babban ɗansa ya karɓi shago. Ni kuma aikin maigidana ya kai mu wani gari mai nisa, ga shi ya kwanta doguwar jinya, na daɗe ban leƙo ba. In mun yi waya da Yaya, kafin ya tambayi lafiyar yara sai ya ba ni labarin maɗaci. "Tana nan lafiya lau," in ji shi. "Sun ce har ta fi da kyau."

Sun ce. Ashe a nan gizo ke saƙa.

Bishiya ta yi ta kauri har ta cika rigar taf, ɗamarar sama ta shaƙe ta. Ganye ya fara ja daga ƙoli, rassa suka fara bushewa ɗaya bayan ɗaya. Mai burodi ya kwana ya tashi cikin itace, kallo ɗaya ya yi ya san abin da ke faruwa. Da a lokacin wani ya buɗe baki ya ce, "Baba, ƙarfen nan ya matse ta," da yini ɗaya ya isa a kwance mata ta sha iska. Ba wanda ya ce. Shi mai burodi yana hango itacen da zai riƙe masa tanderu wata da watanni. Shi kuma ɗan Yaya, ɗan da aka haifa a gabana, yana hango filin da zai faɗaɗa shago har mota ta riƙa shigowa. Sauran 'yan benci kuwa, da inuwa ta ragu, sai suka ja bencinsu suka koma gindin katanga, ko a jikinsu.

In Yaya ya ji ganye na zubo masa a ka ya tambaya, sai a ce sabo take shirin fitarwa. In ya ce yana jin rana ta yi yawa, sai a ce ai bana haka take ko'ina. Yakan shafa ƙarfen da yake jingine da shi ya ji shi daram, hankalinsa ya kwanta. Inda ɓarnar take, can sama ne, hannunsa ba ya kaiwa.

Da na samu kaina na zo, da rana tsaka na sauka. Tun daga bakin layi na hango ta, a bushe ƙayau, ba ganye ko na rantsuwa. Ga Yaya a gindinta kan kujerarsa, rana na dukan tsakar kansa, gumi ya jiƙa masa riga. Mai burodi na zaune can cikin inuwar rumfar shago yana ba shi labari daga nesa. Yana ganina ya ɗora yatsa a leɓe yana ƙifta mini ido, sai ka ce tare muka ƙulla.

Ɗan Yaya ya tare ni da sauri ya ja ni gefe. "Gwaggo, don Allah kada ki gaya masa. Kin san yana da hawan jini. Tausayinsa muke ji."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Tausayin ne ya sa kuka shanya shi a rana kamar wanki? Matsa ka ba ni wuri."

Na durƙusa na gaida Yaya. Ya riƙe hannuna, muka yi gaisuwar da za mu yi, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Ke ba kya yi mini ƙarya. Ɗaga kai ki duba mini ita."

Ni dai ban zo duniya don in taya mai burodi kiwon itace ba. Na ce, "Ta bushe, Yaya. Ba ganye ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai a hankali. Can ya ce, "Na ji a jikina. Tsuntsaye sun daina sauka." Sai muryarsa ta canza, ya fara laluben sandarsa. "Wa ya yi mata? Guba suka zuba a saiwa? Ko ta sama suka hau suka sassare ta? Gaya mini ko wane ne."

Na jawo benci na kafa a gindin bishiyar, na taimaka masa ya hau, na kama hannunsa na kai bakin ƙarfen daga sama. Yatsunsa suka bi wurin a hankali. Jikin bishiyar ya kumbura ya zubo kan ɗamarar, rodin ya nutse ciki har ba a jin rabinsa, ya zagaye ta kaf bai bar ko tsaga ba. Ya bi shi da hannu iya inda zai kai, ya dawo, ya sake bi. Ya taɓa notin da ya liƙe da hannunsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin ƙarfe ba sai an yi masa bayani ba.

Ya ce, "Ni ne?"

Na ce, "Ƙarfenka ne, Yaya. Amma masu ido suna zaune suna kallo."

Bai ko juya wajensu ba. Ya sauko ya ce a miƙo masa zarton ƙarfe. Ɗan nasa ya matso da sauri, wai, "Baba, bari in sa inji, yanzu-yanzu zan gama." Yaya ya ce, "Ni na sa mata, ni zan cire."

Da lalube ya yi ta yankan notin nan ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe masa benci. Zarto ya goge masa yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Mai burodi kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama, don da ma ƙarfen ne ya hana masu injin sare itace taɓa ta. Sai ga shi da ruwan sanyi a kofi, yana, "Sannu da aiki, Baban Kurmi, Allah ya ba da lada." Na karɓi kofin na zubar a gabansa. Bai ji haushi ba. Wayarsa ya ciro ya koma gefe, kafin la'asar ga mota ta tsaya a bakin layi da ƙarti a bayanta, sun rungume injinsu suna jira.

Na ce, "Yaya, ka san wa kake buɗe wa?"

Ya ce, "Na ji tsayuwar motarsu. Ko gawa ce, ba zan bar ta a ɗaure ba."

Da notin ƙarshe ya fita, ya sa dogon ƙarfe ya ɓanɓare rigar, gida biyun suka faɗi ƙasa. Jikin da ke ciki ya yi fari, ya ruɓe wuri-wuri, tururuwa na ta gudu. Ya ɗora tafinsa a kai ya tsaya haka, leɓensa na motsi, ban ji abin da yake faɗa ba kuma ban tambaya ba. Sannan ya miƙo mini hannu.

"Kai ni gida. Mu bi ta bayan layi, kada in ji."

Ko kwanar layin ba mu kai ba suka tayar da injin. Bai tsaya ba, bai waiwaya ba, ya dai ƙara matse mini hannu.