Wayoyi a Cikin Faifai

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na gano abin da ke shaƙe muryar rediyonmu ba. Ni ne teknisiyen a lokacin, a wani ƙaramin gidan rediyo cikin garin Diffa. Eriyarmu ba ta wuce ƙauyukan bakin Komadugu, saboda haka na nesa ta intanet suke jin mu. Layinmu kuwa siriri ne, kamar tiyon ban ruwan tattasai: in aka huda shi a hanya, ƙarshen gona ba ya samu.

Kullum lafiya lau muke fita, sai ranar Laraba da hantsi, lokacin shirin cigiya, inda waɗanda suka rabu da danginsu wajen gudun hijira ke faɗin sunayensu. Da an fara sai sauti ya dinga tsinkewa. Na canza waya, na hau rufi, na zagi kamfanin rezo mai ba mu layin intanet har na gaji. Abin ya tsaya mini a rai, me ya haɗa intanet da Laraba?

Akwai wata tsohuwa, Ya Falmata, da ke zuwa tun daga Yebi tana neman ɗanta Modu. An ce mata an gan shi wajen haƙar zinariya a arewa, inda sai ta intanet ake kama mu. Ta zo ta sake zuwa, kuma duk zuwan muryarta ba ta fita.

Ran nan na bar na'ura na leƙa tsakar gida. Jama'a cike ƙarƙashin bishiyar bedi, kowa da salula a kunne. Na tambayi wani dattijo me yake saurare.

"Ku mana," in ji shi. "Ina dubawa ne ko yana fita."

Na kusa da shi kuma kiran bidiyo yake, yana nuna wa ɗan'uwansa ƙofarmu. Ashe daraktanmu ne ke ba duk wanda ya zo lambar wifi, bayan ruwan sha. Na same shi a ofis.

"Shef, baƙinka ne ke shanye layin."

"Mutum ya taso tun daga Geskeru, in hana shi? Ba ni iyawa, Malam Isa. Kai ka faɗa musu."

Na rage nauyin sautin zuwa na magana zalla, na jawo lasifika na rataya a bedi, sannan na yi wa jama'a bayani cewa wayoyinsu ne ke shanye layin, su kashe su saurara ta lasifika. Ba wanda ya kashe. Raina ya ɓaci, har na juya zan tsinke wifin.

Sai Ya Falmata ta miƙe. "Ɗana, kana nufin wannan abin ne ke tare muryata?"

Na ce shi ne, Iya. Ta ari faifai wurin mai ƙosai a bakin ƙofa, ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba ta roƙi kowa ba, tsayawa kawai take har mutum ya kashe wayarsa ya saka a ciki. Har direban shef sai da ya saka tasa.

Ranar muryarta ta fita tas, ina kallon allurar na'urar auna sauti ba ta ko girgiza ba. Modu bai kira ranar ba. Bayan sati biyu wani abokin aikinsa da ya ji shirin ya bugo, ya haɗa su.

Abin da na koya, ku masu tasowa, in layi ya shaƙe ku fara leƙa tsakar gida kafin ku hau rufi. Faifan yana nan rataye a bedi, kuma duk Laraba masu cigiya da kansu suke zagayawa da shi.