Ranar da Kalangu Ya Kira Baba

Akwai abu guda da ya faru a gidanmu a Suleja wanda ba zan manta ba har in koma ga Allah. A shekarun casa'in ne, lokacin da mahaifinmu ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki.

Baba mahauci ne, haka ma kakanmu. A wajen mahauta kowane gida yana da takensa, wato kiɗan da ake kiran maigidan da shi. Idan aka buga taken mutum da kalangu, sai ya ɗaga hannu ya amsa, ya yi wa makaɗi kyauta. Namu daga kakanmu aka gaje shi. Amma a lokacin kiɗan ya fara ja baya. Masu biki sun koma wa kaset da lasifika, tsohon makaɗin su Baba ma ya rataye kalangunsa ya kama gadi a Abuja.

Ciwon ya ɗauke wa Baba magana. Mu shiga mu fita, yana binmu da ido kamar baƙi. Abin da ya fi cin ran Inna ke nan. Ta riga ta haƙura da tashinsa, so take kawai ta san ko yana gane mu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga makaɗin nan da kalangu a hammata. Yayana, wanda shi ne babba, ya tare shi a zaure.

"Baba makaɗi, dubiya ka zo ko biki? Mai jinya addu'a yake buƙata."

"Addu'a na yi ta a masallaci, ɗana. Wannan kuma tsakanina da ubanka ne. Tun ba a haife ka ba nake tashinsa."

Yayana bai kauce ba sai da Inna ta ce daga cikin gida, "Bar shi ya shigo."

Makaɗin ya zauna a bakin tabarma ya dubi Baba. "Kai rago, kasuwa ta cika kana nan kwance? Wa zai feɗe mana?"

Baba bai motsa ba. Sai tsohon ya matse kalangun ya fara buga taken a hankali, yadda ko maƙwabta ba su ji ba. Ya kai ƙarshe, ya sake ɗaukowa. Can muka ga hannun hagun Baba, wanda ciwon ya bar masa, yana lalube. Hularsa ya turo wa makaɗin, kyautarsa ke nan. Daga nan ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan yayana. Ya kamo wuyan hannunsa, ya ɗaga shi sama.

Babu wanda ya buƙaci bayani. Babban ɗa shi ke gadon take. Yayana ya sunkuyar da kai, bai sauke hannun ba sai da kiɗan ya tsaya.

"Ya gane mu," in ji Inna.

Baba bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Makaɗin ma ya bi shi, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki kalangu. Da ina ɗaukar kiɗa abin nishaɗi ne kawai. Ranar na gane akwai abin da iyaye suke ajiyewa a cikinsa, wanda yake isa inda magana ta kasa. Shi ya sa har yau nake ƙwanƙwasa wa yarana taken gidanmu a bayan kwano, don ran da aka kira su, su san da su ake.