Kuɗin Wasan Waya da Ƙafar Maigidana

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure waɗanda in aka tambaye ni yau sai na yi ta lalube, amma ranar da wasu maza uku suka yi sallama a ƙofar gidanmu a Makarfi suna neman maigidana, alhali ko sunansa ba su sani ba, wannan kam ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin za ta goge.

Maigidana manomin rake ne. Wata shekara ana lodi a bakin fadama, yana saman mota yana jan igiya, igiyar ta tsinke, ya faɗo, cinya ta karye. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka dawo da shi gida aka kwantar. Makonnin farko gidanmu kamar ana biki, tabarma ba ta naɗuwa saboda 'yan dubiya. To amma ciwon da ya daɗe gajiyar da mutane yake yi, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da gonarsa. Sannu a hankali sai ya zama daga ni sai ƙudaje. Mutumin da ko ruwa ake yi sai ya leƙa majalisa bayan la'asar, ga shi yana kwance yana nazarin silin.

A cikin wannan zaman ne ya gano wani wasa a waya. Ni dai abin da na fahimta, mutum huɗu ne ke haɗuwa su tsare wani gari da babu shi a duniya, suna jin muryar juna, kuma duk wata sai an cire maka kuɗi kafin a bar ka ka shiga. Ban da kuɗin data, ban da caji. Sai da muka ja gado zuwa jikin taga, don a nan kaɗai sabis ke yarda ya sauka a ɗakinmu.

Ba zan ce abin ya burge ni ba. Ina tankaɗe a tsakar gida sai in ji ya ƙwala ihu, in yar da rariya in ruga ina zaton ɗorin ne ya goce, in tarar yana cewa, "Kai yaro, matsa hagu! Hagu na ce! Wai kai a gidanku ba a koya maka hagu ba?" Shi ne shugabansu, kuma akwai wani a cikinsu da kullum shi ke shan faɗa. Amma fa na lura da wani abu: tun da ya fara, kwanon tuwonsa ke dawowa a wanke. Ya koma tsokanata. Ya ba ni labarin abokan wasan: na garin Likoro mai murya kamar injin niƙa, da na Ikara mai walda, da wannan yaron na Saulawa da bai san hagu ba. Ban taɓa ganinsu ba, shi ma haka.

Wan mijina, wanda muke kira Yaya, shi ya riƙe gonar da asusun maigidan a lokacin jinyar. Mutum ne mai amana, kuma mutum ne da ko allura zai saya sai ya tambayi shekarun da za ta yi. Wata rana saƙon cire kuɗin ya faɗa idonsa. Ya shigo ya zauna, aka gaisa a tsanake, ya tambayi jiki, sannan ya ce, "Wannan abin da ake cira duk wata, na magani ne?"

Maigida ya ce, "Na wasa ne, Yaya."

"In ka biya, wasan ya zama naka?"

"A'a, na wata guda ne."

"In watan ya ƙare me ke rage maka a hannu?"

Yaya ya ce, "Ko gonar aro ka noma, ƙarshen shekara kana fita da kara. Wannan ba a ci, ba a sha, ba a ba akuya. Hayar iska kake yi." Na sa baki daga bakin ƙofa na ce ai yana ɗebe masa kewa. Yaya ya ce rediyo ma tana ɗebe kewa, kuma sau ɗaya ake sayenta. Aka tsayar da biyan. Da Yaya ya fita na ce wa maigida ina da 'yan kuɗin ƙuli-ƙulina, a nuna mini yadda ake yi. Ya ce in ya ji na sake ta da zancen sai ranmu ya ɓaci. Shi ke nan, wata ya ƙare, aka rufe masa ƙofar wasan.

Abin ya zo daidai da lokacin da mai ɗori ya kwance ƙafar, ya ce ƙashi ya kama, saura takawa. Ya kawo sanda, ya ja kunne: in ba a fara dogarawa yanzu ba jijiya za ta sandare, kuma in ta sandare ba shi da maganinta. Maigida ya ce to. Sandar nan ta jingina a kusurwa har gizo-gizo ya fara yi mata hula. In na ce ya tashi mu gwada, sai ya ce, "In taka in je ina?" Ya juya fuska bango. Tuwo ya koma dawowa yadda na kai shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a madafa na ɗora wa hayaƙi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina kallon mutum mai ƙarfi yana shirin zama gurgu da yardarsa.

Ran nan da hantsi, Yaya na zaune a zaure, sai ga babura biyu sun tsaya. Ina jiyo su ta bayan zana. Bayan doguwar gaisuwa, wata ƙatuwar murya ta ce, "Don Allah nan ne gidan Gagara Gasa?"

Yaya ya ce, "A gidan nan dai babu wanda ya gagari kowa."

Suka yi bayani. Abokan wasansa ne, kuma da wannan laƙabin kaɗai suka san shi. Sun ga ya ɓace, sun san yana jinya, sai suka ce ba a yi haka ba, mutum ya daina zuwa majalisa a ƙi bin sawunsa. Abin da suka sani biyu ne: Makarfi da karayar cinya. Sai suka yi abin da duk mai hankali zai yi, suka nemi gidan mai ɗori, shi kuma ya yi musu kwatance har da bishiyar da za su karya kwana. Na leƙa ta ɓular zana. Mai muryar injin niƙa ashe ɗan tsurut ne, ya rungumo zakara. Mai walda na Ikara, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, yana riƙe da kiret ɗin ƙwai da ya sha hanya. Na ukun kuwa dattijo ne mai farin gemu fat, sa'an mahaifina, da carbi a hannu.

Yaya ya shigo ya ce in kauce a shigo da baƙi ɗaki. Maigida ya ɗago kai, karon farko a kwanaki. Ya ce, "Su wa?" Aka faɗa masa. Sai ya ce, "Mutanen da nake ba umarni ba za su same ni a kwance kamar buhun taki ba. Miƙo mini sandar can."

Na share mata yanar gizo-gizo da gefen zanena. Tsakanin ɗakinmu da zaure ba wata tafiya ba ce, kaza ma ba ta ɗaukarta a bakin komai, amma ranar sai da rigarsa ta jiƙe sharkaf. Yaya ya kawo hannu, maigida ya ƙi. Ni ina biye da shi ina salati a ciki, ina jin kowane taku a ƙirjina. Ya kai. Na tsaya bayan ƙofa hawaye na zuba, ina kuma ƙoƙarin kada a ji.

Aka gaisa, kowa ya gane kowa da murya. Da dattijon ya buɗe baki ya ce yaya jiki da 'yar siririyar muryarsa kamar ta yaro, sai na ji maigida ya ce, "Innalillahi. Baba, kai ne na Saulawa?"

"Ni ne yaron da bai san hagu ba."

Maigida ya nemi durƙusawa, ƙafa ta hana. Ya shiga ba da haƙuri kamar zai nutse. Dattijon ya ce, "Bar shi kawai. A can kai ne babba, a nan ni ne. Kuma gaskiyarka, har yanzu hagu tana rikita ni."

Mai walda ya ce, "Oga, wallahi mun ɗauka jikin ne ya tashi." Maigida ya sunkuyar da kai ya ce matsalar sabis ce. Dattijon ya ja carbi ya ce, "Haka ne. Sabis na ƙarshen wata sai haƙuri." Babu wanda ya dubi Yaya, abin da ya sa Yaya ya kasa zama daidai.

Da aka ci abinci, Yaya ya kasa daurewa. Ya ce, "Baba, kai ma da girmanka biya kake yi?" Dattijon ya ce, "Ina biya. Abokan hirata yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya suna birni. Abin da nake kashewa a goro ya fi wannan, kuma goro bai taɓa tambayata yadda na kwana ba."

Washegari Yaya ya biya da hannunsa. Ya ce na wata guda ne kawai, kuma har gobe shi a wurinsa asara ce. Haka ya riƙa faɗa duk wata har maigida ya yar da sanda. Da ya koma fadama ya daina samun lokacin shiga, shi da kansa ya tsayar da biyan, ya ce biyan tabarmar da ba ka zama a kai ita ce asarar da Yaya ke nufi. Mutanen nan uku kuwa babu bikin sunan da aka yi a gidanmu tun daga nan da ba su zo ba.

Shi ya sa in na ji ana gardamar ko kuɗin nan na wata-wata ya cancanci a biya, ba na tambayar nawa ne. Tambayata ita ce, in ka ɓace, akwai wanda zai hau babur ya nemo ka? In babu, riƙe kuɗinka ka sayi taki. Abin da na koya ke nan: an ce zumunta a ƙafa take, amma na ga ranar da ƙafar ta ƙi tashi, zumuntar ce ta zo har zaure ta tashe ta.