Na Ce Masa Alhamdulillahi

Shekarar da aka fito da shirin sa wa gidajen masu ƙaramin ƙarfi intanet a kan rahusa, muna zaune a ƙasa mai tsarki, a unguwar Bani Malik, hawa na uku, ni da mahaifiyata. Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ina ɗinki a shagon kafilina, ubangidan da ya tsaya mini. Inna kuwa umra ta zo ta zauna, ba ta da ko takarda ɗaya. Burinta guda ne, ta ga fuskar ƙanwarta da ke kwance ba lafiya a Maradi. Murya a waya ta daina isar ta.

Ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin suka zo, suka kafa wani farin akwati a bangon falonmu, suka ɗauki hotonsa, suka ce halas, wai an gama. Da na leƙa bayansa, babu wayar da ta shiga ciki. Ashe a ƙasa ta tsaya, a ofishin mai gidan da muke haya. Wata huɗu akwatin yana bango ba ya tsinana komai, Inna har goge masa ƙura take yi.

Wata rana bayan azahar sai ga mai duba aikin da takarda a hannu. Inna ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Kef intanet?" in ji shi da Larabci, wato yaya intanet.

Maganar wata huɗu na cike da bakina. Amma in na yi ƙorafi zai shigo, ya tambayi mutum nawa ne a gidan, daga nan sai takardu. Na ce, "Alhamdulillahi."

Bahaushe ko gidansa na cin wuta haka zai fara amsawa. Shi kuwa ya ɗauke ta a matsayin shaida, ya ja biro ya yi alama, ya juya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Taku uku ne tsakaninsa da akwatin. Dubawa aka turo shi, ba gaisuwa ba, kuma ya san sarai irin gidajen da ba a iya ƙorafi a cikinsu. Ni ma ban yafe wa bakina ba, don har godiya na yi masa.

Da ya sauka Inna ta fito tana gyara mayafi.

"Yaushe ya ce zai fara aiki?"

"Inna, ai ya rubuta yana aiki."

Ta jawo kujera gaban akwatin ta zauna.

"To, kira mini ita."